Ranar da Suhail Ya Ci Tuwo a Gaban Suruki

Suhail ya cinye tuwon tas, ya miƙa kwano ya ce a ƙaro.

Raliya tana laɓe a bayan labulen falo, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Saurayinta ne fa zaune gaban mahaifinta, Alhaji Manga, ya naɗe hannun riga yana suɗe miyar kuka. Duk wanda ya tashi a gidan Fulani ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai neman aure ko ruwa aka kawo masa a gidan surukai, kurɓa ɗaya yake yi ya ture kofin, ko da maƙogwaronsa na tsagewa.

Kuma da ci kaɗai ne da sauƙi. Bakinsa bai huta ba tun da ya shigo.

"Baba, ruwan kogin Nukkai asara kawai yake yi! Na gama tsarin a kaina. Za mu ja shi har Kona, kowane gida da famfonsa, daga nan mu yi gonar shinkafa, mu buɗe makarantar koyon sana'a, ai ni na ma fara koyon Faransanci saboda Kamaru za su zo su roƙe mu..."

Alhaji Manga, wanda ya yi ritaya daga aikin samar da ruwa, baki har kunne. Shi dama mutum ne mai taƙama da wayewa, ba ya shiri da masu sunkuyar da kai.

"Ka ji maza!" ya ce yana buga gwiwa. "To da ina ka ɓoye wannan kan naka?"

Raliya ta saki labulen. Tun da suka fara soyayya take roƙon Allah Ya nuna mata ranar da Baba zai yi wa Suhail dariya. Ga ranar ta zo, ita kuma tsoro ne ya kama ta maimakon murna.

Yayarta, Adda Hamna, ta same ta a kicin tana juya cokali a tukunyar da babu komai.

"Kin ji? Baba ya ce baffanninsa su zo daga Sunkani ranar Alhamis bayan la'asar a sa rana. Ke da ya kamata ki yi guɗa, me ye kuma na tagumi?"

"Adda, ya ci abinci a gaban Baba."

"Na gani. Semteende, kunyarmu ta Fulani, ta gudu, ko ɗigo babu. Amma tunda mai gidan ya ce ya yi masa, ina ruwanki?"

"Suhail da ko sunan Baba ba ya iya faɗa? Suhail da in ya hango motar Baba yake canja hanya?"

"To wancan ɗin ai shi Baba ya ƙi."

Gaskiya Adda ta faɗa, kuma ita ce ta fi yi wa Raliya ciwo. Bara da damina Suhail ya shige ɗakinsa na haya a Nukkai ya rufo ƙofa. Wata da watanni ba ya ɗaga waya, ba ya zuwa makarantar da yake koyar da lissafi sai da ƙyar, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Danginsa suka ce haƙuri ne irin na Bafulatani, namiji ba ya faɗin abin da ke cinsa. Baba kuwa ya ce matacciyar zuciya ce, ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba ya iya kallon mutum ido da ido ba. Ita Raliya ta ɗauka son ta ya daina, ta sha kukanta ta ƙoshi.

Sai ga shi bana ya dawo kamar an sake shi daga mari.

* * *

Washegari a ofis ta kasa zama. Ta buɗe taga, ta rufe, ta je ta sha ruwa, ta dawo ta tsaya a kan Sandra, abokiyar aikinta da suke tebur ɗaya a sakatariya.

"Raliya, ki zauna mana, kina sa ni jiri," in ji Sandra. "Wai an ce za a sa maki rana, amma fuskanki kamar oga ya rubuta maki takardar kwiri."

Raliya ta ja kujera ta zayyana mata komai. Tuwon, da famfon Kona, da saƙonnin da ke shigowa wayarta babu tsayawa, da agogonsa da takalmansa da ya cire ya ba wani mai keke da bai taɓa gani ba.

Dariyar Sandra ta ɗauke.

"Tsaya. Wannan mutumin naki, yana barci?"

"Ya ce ba ya bukata. Ya ce in ya runtsa kaɗan ya ishe shi."

"Kuma bara ya kulle kansa, ba ci, ba magana?"

"E."

Sandra ta ajiye biro, ta matso.

"Kin san yayana Philemon, wanda yake kawo mini doya? Shi ma haka ya yi. Wani lokaci zai kwanta kamar gawa. Wani lokaci zai tashi ya ce shi ne zai gyara Taraba gaba ɗaya. Mamana ya yi kuka har ya gaji. Mun kai shi gidan addu'a a kan dutse, an ɗaure shi da igiya, an ce aljanu ne. Babu inda ba mu je ba. Las las, daga ƙarshe dai, wani dokta ya ce ciwo ne, sunansa baifola. Yana kai mutum sama, yana jefo shi ƙasa."

"Sandra, Suhail ba mahaukaci ba ne!"

"Wa ya ce mahaukaci? Philemon mahaukaci ne? Mata ɗaya, yara biyu, shago a kasuwa. Yana shan maganinsa, yana zuwa ganin dokta, shi ke nan. Addu'a muna yi har gobe, amma magani ma yana sha." Ta kama hannun Raliya. "Ki ji ni da kyau. Wannan saman da yake, mutane suna tafa masa, shi ne wurin haɗari. Bai san tsoro ba yanzu. Kuma yadda ya hau da nisa, haka zai faɗo da nisa. Mun kusa rasa Philemon a faɗowan."

Hawaye ya cika idon Raliya.

"In Baba ya ji kalmar asibitin ƙwaƙwalwa, wallahi an gama. Ko a mafarki ba zai ba shi ni ba."

"Na sani. Kilinik ɗinsu ranar Alhamis ne, a babban asibiti, can ta baya. Ina da wadda na sani a wurin."

"Alhamis?"

"Alhamis."

Raliya ta kifa kanta a kan tebur.

* * *

Kwanakin da suka biyo baya ta yi ta kai gwauro tana kai mari. Ta yi alwala ta manta ta yi, ta sake. Ta ɗauki waya za ta kira shi, ta ajiye. Da ta gaya wa Adda Hamna abin da Sandra ta ce, Adda ta toshe mata baki da tafin hannu.

"Useni, don Allah ki rufa mana asiri! Ki bari a sa rana, a ɗaura. Bayan nan sai a nemi malami ya yi masa rubutu a ɓoye, babu mai ji. Wane gida ne babu irin nasa?"

"In kuma wani abu ya same shi kafin nan fa?"

"Me zai same shi? Mutum yana ci, yana dariya?"

Ranar Alhamis da hantsi gidan ya cika da ƙamshin suya. Raliya ta fito zubar da shara ta tarar da Siddiq jingine da motarsa a ƙofar gida. Ɗan ƙanwar Baba ne, ma'aikacin banki, mutum mai tsafta da lissafin magana. Ya daɗe yana son ta, kuma kafin tuwon ranar Lahadi shi ne zaɓin Baba.

"Ƙanwata, zo ki ga wani abu."

Ya miƙo mata waya. Suhail ne a kan gadar Mayo Gwoi, ba hula, ba takalmi, ya tsayar da masu keke yana yi musu jawabi. Suna ta shewa suna kiransa Gwamna.

"Ban nuna wa Kawu ba," in ji Siddiq a hankali. "Ba na son tozarta kowa. Ki shiga ki ce kin fasa da kanki, ki ce kin sake tunani. Shi ya tsira da mutuncinsa, ke ki tsira da rayuwarki."

"In na ƙi fa?"

"To bayan la'asar, a gaban baffanninsa, zan miƙa wa Kawu wayar nan. Ba zan zuba ido a ɗaura miki wahala ba, Raliya. Ki ce son kai ne, na yarda. Amma ki kalli hoton nan ki ce mini ƙarya nake."

Ta kalle shi, ta so ta tsane shi, abin ya ƙi. Ba ƙarya yake ba.

"Ya Siddiq, da kai ka gan shi a haka, ka tsaya ɗaukar hoto, ba ka kama hannunsa ka sauko da shi ba?"

Siddiq ya kawar da kai.

Ko mayafin kirki ba ta koma ta canja ba. Ta tare keke ta ce, "Nukkai."

* * *

Ba ya ɗakinsa. Matar mai gidan ta nuna mata hanyar kogi da haɓa, tana girgiza kai.

Kogin ya cika ya batse, ruwan jawur yana tafe da rassan itatuwa. Suhail yana bakin gaɓa, wandonsa a jiƙe har cinya, yana kafa sanduna yana ɗaura musu zare. Da ya hango ta ya taho da gudu.

"Amaryata! Kin zo a daidai. Nan injin zai zauna. Saura in auna faɗin ruwan, yanzu zan haye in dawo, ai na iya iyo, jiya na gane na iya. Kuma na fasa barin baffannina su yi magana, ni zan zo da kaina in sa ranar, Asabar ɗin nan ma ta yi, me ake jira? Na bar koyarwa, kin sani? Na gaya wa shugaban makaranta..."

"Suhail."

"...ƙaramin wuri ne, ya yi mini kaɗan, ni yanzu..."

"Suhail! Yaushe rabonka da barci?"

Ya yi dariya. Idanunsa sun yi ja, leɓɓansa sun tsattsage.

"Barci na marasa aikin yi ne."

"Zo mu je asibiti."

Dariyar ta tsaya cak.

"Wa ba shi da lafiya?"

"Kai."

Ya ja da baya kamar ta watsa masa ruwan zafi.

"Ke ma? Har da ke? Da nake kwance kun ce zuciyata ta mutu. Yanzu na tashi kun ce na haukace. To yaya kuke so in yi? Babanki ya yi mini dariya, Raliya! Ya dafa kafaɗata! Kin san tun yaushe nake jiran wannan?"

"Na sani. Tare muka jira."

"To me ya sa za ki rusa?"

Kukan da take dannewa tun Lahadi ya ƙwace mata. Ta durƙusa a kan yashi mai laima.

"Saboda ban san wannan mutumin ba! Ni wanda na sani yakan rako ni bakin titi ya manta abin da zai faɗa. Yakan zauna da yaron da ya kasa lissafi har sai ya gane. Na rasa shi bara, na ce ƙina yake, na yi fushi na bar shi shi kaɗai a ɗaki. Ban san ciwo ba ne. Yanzu kuma ina kallo zan sake rasa shi, kowa yana tafi."

"Lafiyata ƙalau."

"Ka kalli ruwan nan. Shi za ka shiga?"

Ya juya ya kalli kogin. Wani ƙaton reshe ya wuce yana juyawa, ruwan ya haɗiye shi ya sake tofo shi can gaba. Suhail ya saki zaren.

"Kaina ba ya tsayawa," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Kamar an kunna rediyo da yawa a ɗaki ɗaya. Da farko daɗi nake ji. Yanzu na gaji, Raliya, amma ina tsoron in tsaya. Na san ramin da ke jirana in na tsaya." Ya nuna bakin ruwan. "Bara ma na zo nan wurin. Ba awo na zo yi ba."

Ta gane abin da yake nufi, kuma ta gane babu wanda ya taɓa jin wannan maganar sai ita.

"Akwai magani," ta ce. "Akwai masu irinsa, suna aure, suna haihuwa, suna zuwa aiki. Wallahi akwai."

Sai ya zube a gabanta, ya haɗa hannuwa.

"To ki bari a sa ranar yau. Yau kaɗai. Gobe in bi ki duk inda kika ce."

Allah Ya sani ta so ta ce to. Kalmar har ta zo bakinta. Awanni kaɗan ne, a raba goro, a shafa fatiha, sauran kuma a san yadda za a yi da Siddiq. Sai idonta ya sauka a kan jiƙaƙƙen wandonsa.

"In na tafi na bar ka a nan, za ka shiga ruwan?"

Ya juya ya sake kallon ruwan.

"To tashi mu je."

* * *

A cikin keke ya yi ta magana, ya yi waƙa, ya nemi sauka a hanya, ta riƙe bakin rigarsa ba ta saki ba. Sandra, wadda Raliya ta kira tun a hanya, tana jiransu a ƙofar asibiti. Ta gaishe shi kamar ba komai, ta bi da su ta baya, ɓangaren da mutane kan ja mayafi su rufe fuska kafin su shiga.

Raliya ta zaci za ta ga sarƙa da ihu. Benci ta gani. Wata mai jego tana jijjiga jaririnta, wani mutum da rigar ofis yana duba agogo, wani dattijo yana jan carbi. Suhail ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya kasa zama, ya shiga zagaya barandar.

Can ya dawo ya tsaya a kanta.

"Kin san in na shiga ɗakin can Baba zai hana ni ke."

"Na sani."

"Kuma kika kawo ni?"

"Na kawo ka."

"Ba kya sona ke nan."

"Da ba na sonka da yanzu ina gida ana yi mini lalle."

Wayarta ta ɗauki ƙara. Baba. Ta kalli Sandra, Sandra ta ɗaga kafaɗa. Za ta iya cewa tana wurin tela, ko ta ce an riƙe ta a ofis. Ta matsa jikin bango ta ɗauka.

"Raliya, ina kika shiga? Baƙi sun kamo hanya, gida babu ke."

"Baba, ina asibiti. Na kawo Suhail."

"Subhanallahi! Haɗari ya yi?"

"A'a." Ta rufe ido. "Ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa muke. Baba, abin da ka gani ranar Lahadi ba kuzari ba ne, ciwo ne. Kwanciyar bara ma ba lalaci ba ne. Ciwo ɗaya ne, kuma yana da magani. Ya Siddiq zai nuna maka wani hoto, na fi so ka ji daga bakina."

Ta cikin wayar tana jiyo ƙarar turmi daga tsakar gidansu, da muryar Adda tana kiran a kawo faranti.

"Kin san abin da kike faɗa kuwa?" Muryar Baba ta canja, ta zama irin wadda yake sallamar ma'aikata da ita. "Ni za a mayar abin dariya a garin nan? Na zauna ina yaba wa marar lafiya?"

"Baba, ka yi haƙuri..."

"Wa ya gan ki a wurin?"

"Ban sani ba."

"To ki saurara. Ki fito yanzu, ki hau keke ki dawo gida. Danginsa su zo su ji da abinsu. In kin yi haka, wataƙila wata rana in ya warke mu sake zama. Amma in kika taka ƙafarki cikin ɗakin likitan nan tare da shi, kika sa aka san 'yar Manga a wannan wurin, to babu ni babu maganar auren nan har abada. Kin ji ni?"

Daidai nan ƙofar ta buɗe. Wata nas mai furfura ta leƙo ta kira sunan Suhail. Ya nufi ƙofar, ya tsaya, ya waiwayo. Duk surutun nan ya ƙare, idanunsa kawai ke neman ta.

"Ba zai shiga shi kaɗai ba," in ji nas ɗin. "Mai irin wannan ba ya ganin kansa. Dokta yana son wanda ya san yadda yake da, ya kuma ga yadda ya koma. Wa ya zo da shi?"

"Raliya!" muryar Baba ta fito daga wayar. "Magana nake miki!"

"Na ji, Baba," ta ce, hawaye na sauka har haɓarta. "Ka yafe mini."

Ta kashe wayar ta miƙa wa Sandra.

Nas ɗin ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke matarsa ce?"

"A'a."

"Ƙanwarsa?"

"A'a."

"To ke wace ce ɗinsa?"

Raliya ta buɗe baki, ta tarar sunan amaryar da take shirin amsawa tun safe ba nata ba ne kuma. Ta share fuska da gefen mayafi, ta wuce gaban Suhail ta riƙe masa ƙofar.

"Ba kowa," ta ce. "Amma ni na gani. Muje."